TSORO YA BARO DAJI: MACE DA ƘARAMAR BINDIGA

Hausawa sun ce tsoro na daji ne, kunya ta gida. Masu wannan magana sun yi ta ne a zamanin da magidanci yake jawo ƙyauren kara ya kange ƙofa, ya kwanta ya yi ta barcinsa har kiran assalatu. To, amma idan tsoron ya baro dajin, ya tako har cikin ɗaki, ya tarad da mace ita kaɗai da 'ya'yanta, me ya kamata ta yi? Wannan ita ce tambayar da ta hana wata baiwar Allah barci har wata uku a birnin Houston na Jihar Texas, can ƙasar Amurka, cikin shekarar 2022.

Ita dai wannan mata haifaffiyar ƙasar Zamfara ce. A gida ta yi karatun jinya, sa'an nan ta bi mijinta zuwa Amurka, inda ta sake jarrabawa ta sami aiki a wani babban asibiti. Allah ya yi wa mijin rasuwa a annobar korona ta 2020, ya bar ta da ɗa namiji mai shekara goma sha biyar da 'ya mace mai shekara bakwai. Aikin dare take yi, domin ya fi kuɗi, kuma yana ba ta damar raka ƙaramar zuwa motar makaranta kafin ta kwanta.

Wata ranar Laraba da hantsi, yara suna makaranta, ita kuwa barci ya fara ɗaukarta ke nan, sai ta ji an doki ƙofar baya da wani abu mai nauyi. Kafin ta gama wartsakewa aka sake doka, ƙofa ta ɓalle. Ta ɗauki waya ta shige makewayi ta murza makulli, ta kira lambar 'yan sanda tana magana ƙasa-ƙasa. Tana jin takun mutum a falo, tana jin ana jan akwatuna ana zubarwa. Minti goma sha ɗaya aka yi kafin 'yan sanda su iso, kuma ba wanda zai ce sun yi nawa. Ɓarawon ya riga ya tafi da talabijin da kwamfutar yaron. Bai ko taɓa ƙofar makewayin ba. Amma ita ta ƙidaya mintocin nan ɗaya bayan ɗaya, ta kuma san cewa da ya ga dama, ƙofar da ta fake a bayanta ba za ta jure duka biyu ba.

Shawarar abokiyar aiki

Da ta koma aiki ta ba da labari, sai wata abokiyar aikinta, dattijuwa baƙar fata 'yar asalin Texas, wadda ta ɗauke ta tamkar ƙanwa tun ranar da ta fara aiki, ta ja ta gefe ta ce, "'Yar'uwa, minti goma sha ɗaya ya yi wa mace mai 'ya'ya yawa. Ranar Asabar ki shirya, zan kai ki wani wuri." A nan ne ta ji cewa wannan dattijuwa, mai jikoki huɗu, mai rera waƙa a majami'a, shekararta ashirin tana yawo da libarba. Da yake asibitin ya hana shiga da makami, a cikin mota take kulle ta idan ta zo aiki.

Mai karatu zai yi mamakin yadda tsohuwa za ta riƙe bindiga kamar carbi, ba wanda ya ce mata don me. Dalili shi ne gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a shekarar 1791 ya tabbatar wa jama'a 'yancin mallakar makami. A 2008, cikin shari'ar Heller, Kotun Ƙolin ƙasar ta fassara wannan da cewa kowane mutum yana da damar ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. A Texas kuwa, tun daga ranar 1 ga Satumba, 2021, duk wanda ya cika shekara 21, in dai doka ba ta haramta masa ba, yana iya yawo da ita ba tare da lasin ba. Mai saye zai shiga kanti ne ya cika takarda, a bincika sunansa a na'urar gwamnatin tarayya, in ba a same shi da wani tabo ba, ya biya kuɗi ya tafi da abarsa a ranar.

Da can ana ɗaukar wannan harka ta maza ce, musamman fararen fata mazauna karkara. Lamarin yana sauyawa. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2023 cewa kashi 25 cikin 100 na matan Amurka sun mallaki bindiga, maza kuwa kashi 40. Wani binciken da aka buga a mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ya nuna cewa daga Janairun 2019 zuwa Afrilun 2021, mutum miliyan 7 da rabi ne suka sayi bindiga a karo na farko a rayuwarsu, kuma kusan rabinsu mata ne. Watau lokacin annoba da zaman ɗar-ɗar, mata sun yi tururuwa zuwa kantin makamai kafaɗa da kafaɗa da maza.

Sai dai abin da ke kai mace can ya bambanta da abin da ke kai namiji. Binciken Pew na 2017 ya nuna cewa namiji yakan mallaki bindigarsa ta farko yana da kimanin shekara 19, sau da yawa don farauta ko don ya taso ya ga ubansa da ita. Mace kuwa sai ta kai kimanin 27. Kashi 27 cikin 100 na matan da ke da bindiga sun ce kare kai ne kaɗai dalilinsu, alhali maza kashi 8 ne kawai suka faɗi haka. Ashe dai namiji yakan gaji bindiga ne, mace kuwa wani abu ne yake faruwa da ita kafin ta nema. 'Yan kasuwa sun daɗe da gane haka. Tun 1989 kamfanin Smith & Wesson ya fito da samfurin LadySmith, mai ƙaramin mariƙi daidai tafin hannun mace, kuma yau ana ɗinka jakunkunan mata masu ɓoyayyen aljihu don wannan aiki.

A filin koyon harbi

Ranar Asabar suka tafi. Wuri ne rufaffe, dogo kamar zauren sarki, an rarraba shi layi-layi, kowane layi da takarda mai zane a can ƙurya. Ranar ta mata ce zalla, mai koyarwar ma mace ce. Akwai malaman makaranta, da direbar motar haya, da wata mai tsohon ciki da ta zo kallo daga bayan gilashi, da wasu 'yan mata biyu masu dariya kamar sun zo biki. Ba wadda ta kalli ɗankwalinta sau biyu. Kafin a bari ta taɓa komai sai da aka sa ta haddace ƙa'idoji huɗu: ta ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada ta nuna bakinta ga abin da ba ta yi niyyar hallakawa ba, kada yatsanta ya kusanci kunama sai ta gama saiti, kuma ta san abin da take hari da abin da ke bayansa.

Aka toshe mata kunne, aka sa mata tabarau, aka ɗora mata ƙarfen a hannu. Nauyinsa ya fi yadda ta zata. Harbin farko ya girgiza ta har haƙori, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Mai koyarwa ta gyara mata tsayuwa, ta ce ta saki numfashi rabi, ta ja kunamar a hankali kamar mai ɗura allura a jijiyar jariri. Wannan kuwa aikinta ne na kullum. A karo na goma ta huda tsakiyar zanen.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ta tsoro, domin daɗi ta ji. Tun rasuwar mijinta ba ta taɓa samun rabin sa'a da zuciyarta ta bar lissafin kuɗin haya da na makaranta ba sai a ranar. Mai harbi ba ya iya tunanin komai sai numfashinsa da idonsa da yatsansa. Ta fito tana jin ƙamshin albarushi a mayafinta, tana jin kunya kamar wadda ta aikata abin da bai dace da 'yar mutunci ba, amma kuma tana tambayar yaushe za a sake dawowa.

Ba ita ce ta fara jin haka ba. Annie Oakley, wadda ta rayu daga 1860 zuwa 1926, ta yi suna a Amurka da Turai saboda gwanintar harbi, ta koya wa dubban mata, har a 1898 ta rubuta wa Shugaba McKinley cewa za ta iya kawo mata hamsin gwanayen harbi idan yaƙi ya ɓarke da Sifen. A wasannin Olamfik, tun 1984 aka ware wa mata gasar harbi da ƙaramar bindiga, inda Linda Thom ta Kanada ta ci zinariya, kuma a Paris a 2024 Manu Bhaker ta Indiya ta ɗauki tagulla biyu. A nan Texas ɗin ma, a birnin Austin, aka kafa ƙungiyar mata maharba ta A Girl & A Gun a 2011. Ga mata da yawa, tsoro ne ya kai su filin, amma zumunci da nishaɗi ne suka zaunar da su.

A hanyarsu ta komawa, dattijuwar ta ba ta labarin Suzanna Hupp, wanda kusan kowace mace mai bindiga a jihar ta sani. Ranar 16 ga Oktoba, 1991, wannan mata tana cin abinci da iyayenta a wani gidan abinci a garin Killeen, sai wani mutum ya kutso da mota ya buɗe wuta, ya kashe mutum 23, har da uwarta da ubanta. Tana da bindiga, amma ta bar ta a mota saboda dokar lokacin ta hana shiga da ita. Daga nan ta shiga fafutuka, a 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba da damar ɗaukar ɓoyayyar bindiga da lasin, ita kuma daga baya aka zaɓe ta 'yar majalisar jiha. Dattijuwar ta ƙara da cewa ga baƙar mace, zancen ya girmi wannan. 'Yar jaridar nan Ida B. Wells ta sayi ƙaramar bindiga a 1892 bayan da gungun fararen fata suka kashe abokanta uku a Memphis, a zamanin da baƙar fata ba ya sa ran hukuma za ta kare shi.

Ɗaya gefen

Da ta koma aiki ranar Litinin da takardar da ta huda a jakarta, sai ta nuna wa wata abokiyar aikin, wadda ta yi shekara goma sha takwas a sashen agajin gaggawa. Wannan ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Ki zo sashenmu ki kwana uku. Matan da ake kawo mana da harbi, ki tambaya nawa ne cikinsu baƙo ya harba. Mafi yawa sun san sunan wanda ya harbe su, wasu ma sun dafa masa abincin daren."

Maganarta tana da tushe. A 2003 Jacquelyn Campbell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun bincika kisan mata a birane 11, suka gano cewa idan namiji mai dukan matarsa yana da hanyar samun bindiga, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau biyar. A 2022 David Studdert na Jami'ar Stanford ya bi diddigin miliyoyin mazauna Jihar California, ya tarar cewa mutanen da ba su da bindiga amma suna zaune da mai ita, sun ninka sauran sau biyu wajen mutuwa ta hanyar kisa, kuma sun ninka su sau bakwai wajen mutuwa da harbin miji ko mata ko masoyi. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka kashe ta wannan hanya mata ne. Wannan ya sa tun 1996 dokar tarayya ta hana duk wanda kotu ta kama da laifin cin zarafin iyali mallakar bindiga, kuma a 2024, cikin shari'ar Rahimi, alƙalai takwas cikin tara na Kotun Ƙoli suka amince a ƙwace makami daga hannun wanda kotu ta umarta ya nisanci wata mace saboda barazana.

Baiwar Allah ta ce ai ita ba ta da miji, balle ta ji tsoronsa. Sai abokiyar ta dube ta ta ce, "Kina da ɗa mai shekara goma sha bakwai wanda ya binne ubansa shekara biyu da suka wuce." Wannan magana ta soke ta, domin ta san yaron ya rage magana, yana rufe kansa a ɗaki, wani lokaci takan ji shi a farke da tsakar dare. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu da harbin bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbi kansu. Tun daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. Baƙin ciki yakan zo ya wuce, mai shan magani fiye da kima sau da yawa akan ceto shi, amma harsashi ba ya ba da damar nadama. Wani binciken Studdert na 2020 ya nuna cewa matan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su da ita sau 35 wajen kashe kai da harbi. Ga kuma ƙananan yara masu binciken jaka. A Disambar 2014, a Jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu ya zura hannu a jakar uwarsa a cikin kanti, ya harbe ta har lahira.

Akwai wani labarin da dattijuwa mai libarba ba ta ba ta ba, sai da ta tambaya. A Oktoban 2019, a birnin Fort Worth na jihar, wata baƙar mace mai shekara 28, Atatiana Jefferson, tana wasa da ɗan 'yar'uwarta mai shekara takwas da dare, ta ji motsi a bayan gida, ta ciro bindigarta ta halal ta leƙa taga. Ashe ɗan sanda ne, wanda maƙwabci ya kira don ya ga ƙofa a buɗe. Ya harbe ta ta tagar, ta mutu a ɗakinta. A Disambar 2022 kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba. Dattijuwar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Na sani. Amma da in mutu a makewayi ina jira, gara in mutu a tsaye."

Don haka matan Amurka ba bakinsu ɗaya ba. Kamar yadda mutuwar iyaye ta mai da Suzanna Hupp mai kare bindiga, haka mutuwar 'ya'ya ta mai da wasu masu yaƙi da ita. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, Shannon Watts ta kafa ƙungiyar iyaye mata ta Moms Demand Action. Lucy McBath, wadda aka harbe ɗanta a Florida a 2012 saboda gardama a kan ƙarar kiɗa, ta shiga majalisar wakilai ta tarayya a zaɓen 2018 da ƙudurin tsaurara doka. Duka ɓangarorin biyu iyaye ne, duka kuma hawaye ne ya tashe su.

Waya daga gida

Ana cikin haka sai labari ya zo daga Gusau. A ƙarshen Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta lokacin, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta ce jama'a su nemi lasin mallakar bindiga don kare kansu daga 'yan bindigar daji, har ta ce za ta raba takardun nema 500 ga kowace daga cikin masarautu 19. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 kuwa ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa ake mallaka. Bindigar farauta tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Watau abin da mace a Houston za ta saya tsakanin azahar da la'asar, a mahaifarta ɗauri ne.

Ƙanenta ya kira ta ya ce, "Yaya, ke da doka ta ba ki dama me kike jira? Mu nan da za a ba mu, wallahi har Inna sai na saya wa. Kin manta 'yan matan Jangebe 279 da aka kwashe bara? Ga Aisha Bakari Gombi can a Adamawa, mace ce, ta shiga daji da mafarauta tana fafatawa da Boko Haram, ba wanda ya ce ta zubar da mutunci."

Sai tsohuwar ta karɓi wayar. Da yake 'yar fari ce, ba ta kama sunanta. Ta ce, "Ke 'yar nan, na ji abin da kuke cewa. Ni ban san bindigar Turawa ba, amma na zauna da ta mahaifinki shekara talatin. A saman rumbu yake rataye ta, albarushin kuma a ɗakina, cikin tukunya, don kada ranar da ransa ya ɓaci ya same su wuri ɗaya. Shi ya roƙe ni in ɓoye, ba ni na ce ba. To, ke in kin saya, ina za ki ajiye ta? In kin kulle ta, ɓarawo ba zai jira ki nemo makulli ba. In kin bar ta a buɗe, jikokina suna gidan. Wa zai riƙe miki albarushin?"

Ta ce, "Inna, akwai akwatin ƙarfe da ke buɗewa da zanen yatsa, nan take." Tsohuwar ta ce, "To, madalla. Rabin mako kina asibiti da dare. Yaron da ya iya gyara miki waya, akwati ne zai gagare shi? Ni ban hana ki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ki tabbata kin san abin da kike tsoro, domin tsoro iri-iri ne, kuma ba kowanne ne ake harbi ba."

Abin da ta yanke

Ta yi kwanaki tana juya wannan magana. Ta lura cewa dattijuwa mai libarba tana zaune ita kaɗai ne, 'ya'yanta sun girma sun watse, gidanta yana bayan gari inda 'yan sanda suke daɗewa kafin su iso, kuma shekara ashirin tana horo duk wata. Ga irin wannan mace, haɗarin da ke waje ya fi na ciki. Ita kuwa gidanta cike yake da abin da take ƙoƙarin karewa, kuma abin da take karewar shi ne zai iya kai hannu ga makamin. Dokar Texas kanta ta mai da shi laifi mutum ya bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai iya kaiwa gare ta, amma ita ba hukuncin kotu take gudu ba. Kada garin gudun gara a faɗa gidan zago.

Wata rana ta je kantin har ta karɓi takardar cikewa, ta riƙe biro, ta dubi bindigar da ta saba haya a filin, baƙa, 'yar madaidaiciya, kwance a ƙarƙashin gilashi. Mai kantin ya ce minti ashirin ya isa a gama komai. Ta tuna minti goma sha ɗayan makewayi, ta kuma tuna fitilar ɗakin ɗanta da take gani a kunne idan ta dawo da asuba. Ta ajiye biron ta ce za ta dawo.

Kuɗin da ta tanada sai ta sa ƙofar ƙarfe a baya, da ƙararrawa, da na'urar ɗaukar hoto, ta kuma ƙarfafa ƙofar ɗakin kwananta. Ta nemi a mai da ita aikin rana, ko da yake albashin ya ragu. Ta kai yaron wurin likitan da ke sauraron masu baƙin ciki, abin da da can take ganin ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce. Amma ba ta daina zuwa filin harbi ba. Duk Asabar ɗin farkon wata takan je, ta yi hayar bindiga, ta harba harsashi hamsin, ta mayar, ta wanke hannu ta koma gida. Dattijuwar tana yi mata tsiya cewa ita kaɗai ce gwanar harbi marar bindiga a duk faɗin Texas. 'Yar sashen gaggawa kuwa har yanzu tana ganin zuwan ma bai dace ba. Su ukun suna cin abincin rana tare.

Yau yaron ya shiga jami'a, ya dawo da fara'arsa, ƙaramar kuma ta zama budurwa. Tambayar ba ta mutu ba, domin ranar da gidan zai zama nata ita kaɗai tana matsowa, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin cewa ba za ta koma kantin nan ba. Abin da ta riƙe shi ne cewa ba a yi wa mace hukunci a wannan lamari daga nesa. Wadda ta saya ba mahaukaciya ba ce, wadda ta ƙi kuma ba matsoraciya ba ce. Kowacce ta auna gidanta ne, da mijinta in tana da shi, da 'ya'yanta, da nisan da ke tsakaninta da mai kawo ɗauki.

Sai dai akwai abin da ya kamata masu mulki su ji, a Texas ne ko a Zamfara. Mace ba ta tashi haka kawai ta yi sha'awar kashe mutum. Duk ranar da uwa ta tsaya gaban kantin makamai tana lissafin minti nawa ne tsakaninta da taimako, to ta riga ta yanke hukunci a kan waɗanda aka ɗora wa amanar tsaronta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Allah ya ba shugabanni ikon liƙe bangon, ya mai da tsoro daji inda ya fito, amin.